Bokitin Kawu da katin Maraɗi

Bokitin da ke ƙofar zauren Kawuna a Agege shuɗi ne, ko in ce a da shuɗi ne, don rana ta cinye launin. An huda shi daga ƙasa an dasa masa ɗan famfo, an ɗora shi a kan benci, ga roba a ƙasa tana tarar ruwa. A nan na yi alwalar azahar ranar Talatar da na sauka, bayan kwana da wuni a mota daga Katsina, ƙafafuna a kumbure, kunnena yana ta amsa kuwwar hon ɗin danfo. Ina shafar kai sai na ji muryar Kawu daga ciki.

"Likita, ka san abin da kake alwala da shi kuwa? Bokitin Ebola ne wannan."

Ni ba likita ba ne. Shekara 17 na yi ina bin gida-gida da akwatin ƙanƙara a ƙauyukan Jibiya, daga mai ɗiga wa yara maganin shan-inna har na zama mai duba rukuni, na kuma yi zama a bakin iyaka muna tare motocin Maraɗi muna duba ƙaramin yatsan hagu na kowane yaro, ko an shafa masa tawada. Amma tun ina yaro mai wanke wa awaki ciwo Kawu ya laƙaba mini sunan, ya kuwa bi ni. Abin dariyar, da ka tsallaka Magama ka shiga Nijar ka ce "likita", asibitin kake nufi, mutumin da ke cikinsa lokotoro ne.

Sunan jikarsa ne ya kawo ni. An haihu ranar Asabar, suna Asabar mai zuwa, don haka ina da kwana uku a hannu. Kawu ya haura shekara 40 a Ikko. Goro ya kai shi, ya zauna a matsayin fatoma, mai saukar da fatake ya ajiye musu kaya ya nemo musu masu saye ya ci la'ada. Cinikin goron ya ja baya, amma ɗakunan baƙin suna nan, kuma ba sa rabuwa da mutane. Daren da na isa mu tara muka ci tuwo a zaure: 'yan Katsina uku, wani dattijo daga zangon Kumashi da ya zo karɓar bashi, samari biyu 'yan Tawa masu aikin gadi, wani direba Bazabarme da ke jigila tsakanin Legas da Kwatano, da ni, da mai gidan. Ba wanda ya nemi tafinta.

Hirar ta koma kan bokitin. Dattijon Kumashi ya ce ai nasu ne, a Ghana aka ƙirƙiro irinsa, wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Veronica ce ta fito da dabarar, shi ya sa har yau da sunanta ake kiransa. Kawu ya ce shi dai a kasuwar Agege ya sa aka huda masa nasa a damunar 2014, lokacin da aka daina musafaha a masallaci, liman ya idar da salla kowa ya dafe ƙirji ya ce "Allah ya karɓa" daga nesa. Sai ya juyo gare ni yana murmushi.

"Tambayi uwarka daren gishiri."

Ba sai na tambaye ta ba, ina gidan. Farkon watan Agusta ne, wajen ƙarfe uku na dare, wata 'yar'uwarmu ta kira daga Maraɗi ta ce a tashi kowa ya yi wanka da ruwan ɗumi da gishiri, a kuma sha, kafin fitowar alfijir, wai shi ne maganin annobar. Inna ta kira yayanta a Agege, Kawu ya tashi gidan kaf, sannan ya kira abokan cinikinsa na Kwatano da Lome da Kumashi. Dattijon ya ɗaga hannu ya ce, "Ni ne na Kumashin." Kafin kiran salla maganar ta keta ƙasa biyar ta cikin gida ɗaya. A Najeriya aƙalla mutum 2 suka mutu saboda shan ruwan gishirin, wasu da dama aka kwantar, galibi masu hawan jini. Ni da kaina na gaya wa Inna wannan ba magani ba ne. Ta tsaya da baho a hannu ta ce in ba zan yi don kaina ba in yi don ta. Na yi wankan. Shan ne dai na ƙi, na kuma hana ta.

Na daɗe ban yi barci ba a daren, ga zafi mai ɗanɗano irin na Kurmi, ga janareton maƙwabta. Ina tuna yadda a wurin aikinmu, in aka samu yaro da shanyewar ƙafa a wani ƙauye da rabin gonakinsa ke cikin Nijar, sai an cike takarda ta je ƙaramar hukuma, ta je jiha, ta je Abuja, kafin a hukumance labarin ya zagayo ya iske ma'aikacin Madarunfa wanda nake iya hango hasumiyar wayar garinsu. Mu kan yi ta kiran juna a bayan fage, don mun saba a tarurrukan bakin iyaka, wasunmu ma surukai ne. Ƙarya kuwa ba ta jiran sa hannun kowa, a wayar zumunci take hawa.

Da safe na ce wa Kawu ina so in ga Obalende. Ya haɗa ni da autansa, saurayi haifaffen Agege wanda Yarbancinsa ya fi Hausarsa gudu. Muka hau sabon jirgin ƙasan da ke bi ta Ikeja da Oshodi da Mushin, muka sauka a Yaba. A unguwar ne asibitin cututtuka masu yaɗuwa yake, inda aka killace masu Ebola, aka kuma kwantar da mutumin farko da aka samu da korona a ƙasar nan, wani ɗan Italiya, a ƙarshen Fabrairun 2020. Ban shiga ba, ba ni da abin da zan ce na zo yi. Muka tsaya a bakin titin Herbert Macaulay muna jiran danfo, na tambayi yaron ko ya san mai sunan. Ya ce wanda ke jikin kwabbon naira ɗaya. Na ce to, tattaɓa-kunnensa muka zo nema.

Labarin sananne ne, amma in ka tsaya a Obalende, tsakanin masu suya da masu canji da 'yan kamasho suna ta ihun "CMS! Ajah!", sai ya yi maka wani nauyi daban. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer, ma'aikacin gwamnatin Laberiya, ya sauka a filin jirgin Murtala Muhammed daga Monrovia, bayan jirgin ya yada zango a Lome. Taron ECOWAS zai je a Kalaba. Ya sauko ba ya iya tsayuwa, a lokacin kuma likitocin gwamnati suna yajin aiki, aka kai shi wani asibitin kuɗi a nan Obalende, First Consultants. Da fari an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Dokta Stella Ameyo Adadevoh, tattaɓa-kunnen nan ta Herbert Macaulay, wadda ba ta taɓa ganin mai Ebola ba a rayuwarta, ita ta yi zargin cutar, ta sa a gwada jininsa. Ya matsa sai ya fita, aka kuma matsa mata daga waje ta sallame shi ya je taronsa, ta ƙi. Ya rasu ranar 25 ga Yuli. Ita kuma ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta.

Duba yadda abin ya haɗu. Cutar ta taso daga wani ƙauye a kudancin Gini, kusa da inda iyakokin Gini da Laberiya da Saliyo suka haɗu, a ƙarshen 2013. Majinyacin ɗan Laberiya, jirgin ya biyo ta Togo, likitar da ta tare shi kuma dangin mahaifinta asalinsu Ghana. Cikin waɗanda suka rasu har da ma'aikacin ECOWAS ɗin da ya je tarbarsa. Ƙungiyar da aka kafa don mutanen yankin su riƙa shige da fice ba shamaki, ta hanyar taronta cutar ta shigo birnin da aka haife ta. Barikin Dodan yana nan kusa, 'yar tafiya ce da ƙafa, inda Janar Yakubu Gowon ya yi mulki lokacin da shi da Eyadema na Togo suka yi ta zawarcin sauran shugabanni, har ƙasashe 15 suka rattaba hannu a Legas ranar 28 ga Mayun 1975.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da nake alfahari da shi, kuma ba zan ɓoye son kaina ba. Mutanen shan-inna ne suka riƙe aikin. Tun 2012 akwai cibiyar ɗaukin gaggawa ta polio a Abuja, sai aka kwaikwayi tsarinta a Legas, aka ɗauko Dokta Faisal Shuaib daga can ya jagoranta. Aikin kuwa irin namu ne sak: a rubuta sunan duk wanda ya taɓa majinyaci ko ya zauna kusa da shi, a bi shi gida kullum a auna zafin jikinsa har kwana 21. An bi mutum 894, an yi ziyarar ido da ido kusan 18,500. Wani ya zille ya tafi Fatakwal ya kai cutar can, aka bi sawu aka tare ta. A birnin da ake ƙiyasta mutanensa sun haura miliyan 20, mutum 20 suka kamu a ƙasar gaba ɗaya, 8 suka rasu. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta fita, bayan kwana 42 ba sabon kamu. A Gini da Laberiya da Saliyo kuwa sama da mutum 11,000 suka tafi. A watan Disamba Najeriya ta tura ma'aikatan lafiya kusan 200 zuwa Laberiya da Saliyo ƙarƙashin Tarayyar Afirka. Daga wannan wuyar ce aka kafa cibiyar daƙile cututtuka ta Afirka a Addis Ababa a 2017, ECOWAS ma ta buɗe tata a Abuja.

Wani mai shayi ɗan Zariya da muka zauna a teburinsa ya ji ina ba yaron labari, ya ce shi yana nan aka yi. Ya ce sati uku ba wanda ya yarda ya sha shayi a kofinsa, sai a leda. Na tambaye shi ko ya san sunan likitar. Ya ce, "Wata mata ce dai, Allah ya saka mata." Na ce amin.

Mu 'yan Arewa muna da namu tabon a wannan fage, kuma ba laifi a faɗa. A 2003 da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohi saboda zargin an sa masa maganin hana haihuwa, cutar ta fita daga wurinmu ta koma ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonesiya. Zargin bai faɗo daga sama ba, mutane ba su manta gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba. Amma yaran da suka shanye a Chadi da Sudan ba su da hannu a wannan rigima. An koma rigakafi a 2004, kuma abin da ya gyara lamarin a ganina shi ne ranar da aka gane cewa sai an bi ta hannun sarakuna da malamai da masu unguwa. Da Sarkin Musulmi da sarakunan Arewa suka shiga gaba, ƙofofin da suka yi shekaru a rufe gare mu suka buɗe. Sannan aka koyi yin zagaye rana ɗaya a ƙasashe maƙwabta, don kada uwa ta tsallaka da ɗanta ta kwana biyu wurin dangi ta dawo an wuce. A Maris na 2017 ƙasashe 13 suka yi tare, aka nufi yara sama da miliyan 116. A Borno aka ga na ƙarshe a 2016, ranar 25 ga Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Ranar Alhamis dattijon Kumashi zai koma. Bazabarmen direba zai kai shi Seme, iyakar Najeriya da Benin, Kawu kuma yana da rago da zai duba a Alaba Rago don suna. Ɗan bakin iyaka ba ya jin an ambaci iyaka ya ƙi leƙawa, na shige motar.

Alaba Rago a lokacin gari ne na Hausawa a kan hanyar Badagry, in ka rufe ido ka ji ƙamshin dusa da fitsarin tumaki da muryoyin dillalai sai ka rantse kana Mai'adua ranar Lahadi. Kawu yana taya wani balami, ni kuma na zauna a inuwar rumfa kusa da wani dattijo mai rawani, mutumin Madawa. Muka gaisa, na tambayi mutan gida da hanya. Da ya ji daga Jibiya nake, kuma aikin lafiya na yi, sai ya gyara zama.

"Malam, ku da Sedeyawo taku kun ba mu kashi. Mu munka ga abin da idonmu. Kunka ɗauke wuta, kunka rufe hanya. Sojan da ya yi juyin mulki yana da injin wutatai, mu fa? Ɗiyata ta haihu a likita da fitilar salula."

Sedeyawo ita ce ECOWAS a bakin mutanen Nijar, kuma ban yi masa gardama ba, don na san gaskiya ya faɗa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke dogaro da ita ga mafi yawan bukatarta, manyan motocin kayan agaji da magunguna suka yi ta jibga a iyakar Benin. Wanda ya taɓa riƙe firijin rigakafi ya san abin da ɗauke wuta ke nufi, kwalbar da ta yi zafi ta tashi aiki, sai zubarwa. A daidai wannan lokacin kuma mashaƙo yana cin yara a Kano da Katsina da Yobe, yana kuma cin su a Matamaye ta jihar Damagaram, 'yar tazara daga Daura. An rufe wa ma'aikata da magani babbar hanya, cutar kuwa ta bi ta gona a bayan babur, yadda shinkafa da fetur suke bi. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, bayan Gowon da kansa, wanda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya fito ya roƙa.

Amma na ce masa, "Baba, ficewar da aka yi fa? Ita wa ta yi wa magani?" Nijar da Mali da Burkina Faso sun bar ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. Hukumar lafiya ta ƙungiyar, wadda aka kafa tun 1987, a Bobo-Dioulasso aka gina mata hedikwata, wato cikin ɗaya daga ƙasashen da suka fita. Kuma waɗannan ukun su ne tsakiyar yankin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Na tuna masa 1996, shekarar da sanƙarau ya kama mutum kusan 250,000 a yankin ya kashe wajen 25,000, har Saudiyya ta hana alhazan Najeriya shiga. Na tuna masa allurar da aka ƙera musamman don mu, aka fara ta a Disambar 2010 a Burkina da Mali da Nijar, sannan ta iso Najeriya, kowace ɗaya ƙasa da rabin dala, ta kusan shafe nau'in da ya fi yi mana ɓarna. Ƙasa ɗaya ba za ta iya wannan ita kaɗai ba, iskar bazara ba ta tsayawa a Birnin Ƙonni ta nuna takarda.

Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Wanga zance naka gaskiya ne. Amma wanda ya kashe maka fitila da dare, ko ya dawo da ita da rana, ba ka mance duhun." Kawu ya ƙwala mini kira, an daidaita a kan rago. Na bar shi ban ba shi amsa ba.

Daga Alaba zuwa Seme, in ka cire gosulon Okokomaiko da Agbara, shingaye ne ke cin lokaci. Na fara ƙirga su, na gaji na bari. Direban yana da 'yan canji a cikin tokar sigari, hannunsa ya san hanya. Wannan titin shi ne farkon hanyar da ta bi gaɓar teku ta Kwatano da Lome da Ankara, kamar yadda fatake ke kiran babban birnin Ghana, har Abijan, sama da kilomita 1,000, ƙasa biyar. Tun farkon shekarun 2000 ƙasashen suka haɗa wani shiri na yaƙi da cuta mai karya garkuwar jiki a kan hanyar, da ofishinsa a Kwatano, saboda direban da ya kwana uku a iyaka yana jiran takarda ba a masallaci kaɗai yake kwana ba. Bazabarmen ya yi dariya da na faɗi haka. Ya ce a da akwai rumfunan gwaji a bakin iyakoki, kuma abin da ya fi burge shi, ba a tambayar ka ɗan wace ƙasa ne kafin a duba ka.

Ginin iyakar Seme da Krake babba ne, na haɗin gwiwa, Buhari da Talon suka buɗe shi a Oktoban 2018, jami'an ƙasashen biyu a harabar guda. Ba a cika shekara ba Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Tun kafin mu kai ƙofar, inda motoci ke tsayawa, wani matashi da ba ya sanye da kakin kowa ya leƙo ta taga ya ce da Hausar da ta sha Yarbanci, "Alhaji, akwai yalo kati? In babu, minti goma." Ya buɗe jaka na hango katunan shawara sababbi fil, da hatimi a jiki, sunan mutum kawai suke jira.

Raina ya ɓaci fiye da yadda na zata. Katin nan shaida ce ta cewa an yi maka allurar shawara, kuma ba ya fara aiki sai bayan kwana 10. Allura ɗaya ce tak, tun 2016 aka amince ta isa har ƙarshen rayuwa, ba sai an sabunta ba. Cikin 'yan wuraren da ke ƙera ta a duniya har da cibiyar Pasteur ta Dakar, a nan yankinmu. Sauro ne ke ɗaukar cutar daga jinin mai ita ya kai wa na kusa, shi ya sa matafiyi ɗaya ya isa. A 2016 daga Angola ta tsallaka Kwango, har ma'aikata suka kai ta China. Duk yarjejeniyar da ministoci suka sa wa hannu a kan wannan, ga ta a jakar yaro ana sayar da ita kamar katin waya. Na fara yi masa faɗa, Kawu ya dafa gwiwata ya ce, "Likita, nan ba Jibiya ba ce." Dattijon Kumashi ya zaro nasa daga cikin fasfo, tsoho har ya yi laushi, ya ce shekarar da zai je Hajji aka yi masa. Muka yi sallama, ya ratsa ya shige.

A hanyar dawowa, cikin gosulo, na tambayi Kawu abin da ke cina tun daren farko. Na ce lokacin Ebola, da ɗaya daga baƙinsa ya zo da zazzaɓi, wa zai sani? Ya ce shi. Ya ce a lokacin fadar Sarkin Hausawa ta tara masu masauki aka ce kowa ya sa ido, shi kuwa ba ya bukatar littafi: ya san wanda ya zo daga Gini ta Bamako, ya san motar da ta kawo shi, da wanda suka ci abinci kwano ɗaya, da gidan da zai sauka in ya isa Lome, da lambar wayar mai gidan. "In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta," ya ce, bai ƙarasa ba, ya shafa nasa. Abin da ma'aikata 'yan bin sawu ke kwana suna haɗawa, yana cikin kan tsoho ɗaya a Agege, akwai kuma irinsa a kowane zango daga nan har Abijan. Ban taɓa zama a taron lafiya na ƙasa da ƙasa ba, iyakacina na bakin iyaka, mai ruwan leda da biskit. Amma ko a waɗannan ban taɓa ganin an gayyaci fatoma ko sarkin tasha ba, sai in annoba ta riga ta shigo.

Ranar Asabar aka raɗa suna bayan asuba, aka raba goro da dabino, mahauta daga abatuwar Oko-Oba suka feɗe balamin. Da hantsi Hajiya, matar Kawu, ta aiko a kira ni cikin gida. Na tarar da ita da wata yarinya matashiya, matar ɗaya daga samarin Tawa, wadda ta iso daga Maraɗi sati biyu da suka wuce da goyon ɗan wata goma.

"Ɗan nan, duba mana takardar nan," in ji Hajiya. "Ta kai shi awo, ma'aikaciyar ta juya katin ta juya, ta ce ba ta jin Faransanci, wai sai dai a sake masa daga farko. Ita kuma ta ji tsoro ta gudo."

Na karɓi katin, an naɗe shi a leda biyu. Irinsa na sha gani a Magama. BCG ɗaya ne a ko'ina. VPO shi ne ɗigon shan-inna da muke rubutawa OPV, an yi masa duka. Penta uku sun cika, da kwanakinsu. Layin VAR, wato ƙyanda, babu komai, haka na VAA, allurar shawara. Ya cika wata tara suna shirin tafiya, aka sha'afa.

Na ce mata, "Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ba abin da za a sake. Biyu suka rage masa, kuma rana ɗaya ake yin su." Na ari biro wurin autan Kawu, na sami bayan takardar gayyatar suna, na jera sunayen alluran yadda ma'aikaciyar za ta gane, kowace da ranar da aka yi ta, na ja layi ƙarƙashin biyun da suka rage. Hajiya ta ce ranar Talata ake awo, ita za ta raka ta da kanta, ta ga wanda zai ce a sake. Yarinyar ta ninke takardar ta cusa cikin ledar tare da katin. Daga waje Kawu yana ta kira, wai hanta ta gasu, in ban fito ba 'yan Tawa za su gama da ita.